Ranar da Gash Endale Ya Hana Surukinsa Cin Abinci

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a unguwar Kazanchis ta birnin Addis ya san Gash Endale. Dillali ne, gajere mai tumbi, da kwat ɗinsa launin toka da ba ya rabuwa da ita rani da damina. A duniyar nan babu tambayar da bai san amsarta ba. In ka fara ba shi labari, kafin ka kai tsakiya ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani, na sani," ya ƙarasa maka shi yadda ya ga dama.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Sai ga shi a 'yan watannin nan zuciyarsa ta maƙale wa Waizaro Worknesh, wata bazawara mai shagon tufafin auduga a kasuwar Shiro Meda. Ita ma ba ta ƙi ba, sai dai ta ce ba ta yanke komai sai yayanta ya gan shi ya yarda. Yayan nan, Ato Tiruneh, tsohon direban jirgin ƙasa ne da ke zaune a Dire Dawa, mutum mai kunya da ƙarancin magana, kuma ranar Lahadi za su haɗu.

Ranar Juma'a Endale yana matse a cikin motar haya, sai ga wayar Worknesh.

"Gash Endale, ka saurare ni da kyau. Ranar Lahadi zan ɗan makara, ana yi wa jaririn maƙwabciyata baftisma. Ku fara cin abincin. Amma yayana yana da larura. Akwai abin da jikinsa ba ya so ko kaɗan. Da ya same shi sai atishawa, ido ya yi ja, wuya ya kama ƙaiƙayi, fuska ta kumbura."

"Na sani, na sani. Borin jini ke nan."

"To don Allah ka kiyaye da..."

Daidai nan kwandasta ya zura kai waje ya kwarma ihu, "Piassa! Piassa! Saura mutum ɗaya!"

Abin da Worknesh ta ce shi ne turare. Turaren kwalba, irin na fesawa. Gash Endale ko ƙwayar harafi bai ji ba.

"Ka ji ni kuwa?"

"Haba Worknesh, ni za ki koya wa? Ni da na nema wa likita gida har muka zama abokai? Kwantar da hankalinki."

Da yamma ya tarar da abokansa a wurin mai gahawa, ya shimfiɗa musu shirinsa. Gidan abincin Emama Askale zai kai tsohon, inda ake injera, sinasir ɗin ƙasar, da zallar garin hatsin tef, wurin da manyan mutane ke zuwa bayan coci. Ya kuma gaya musu tsohon yana da borin jini, akwai abin da ba ya ci.

"Emama Askale kamar uwa take a wurina," in ji shi. "Da ta gan ni za ta tashi da kanta."

Shiferaw direban tasi ya ce, "Uwar da ba ka taɓa wuce bakin ƙofarta ba? To me tsohon ba ya ci?"

"Wani abu ne dai."

"Wane abu?"

"Kai ina ruwanka?"

"Ba ka ji ba ke nan. Ka sake kiranta ka tambaya mana."

"In sake kira ta ce ba na sauraron magana? Ni da ido kawai zan gane. Da ya kai abin baki zan gani a fuskarsa, in ƙwace. Ranar zai san ƙanwarsa ta samu miji mai lura."

Ranar Asabar ya shiga kasuwar Merkato ya sayo turare mai kwalba kamar gwangwanin maganin sauro. Mai shagon ya rantse masa ko an wanke riga ba ya fita. Lahadi da safe ya fesa a wuya, ya fesa a hammata, ya fesa a kwat ciki da waje, ya bi gashin baki, ya jiƙa hankici, sannan ya jefa kwalbar a aljihu saboda tsaro. Da ya fito, karen maƙwabta ya tashi daga inuwa ya koma rana.

A bakin ƙofar gidan abincin ya tarar da Ato Tiruneh, dogon tsoho siriri da hula da sanda. Endale ya ware hannu ya rungume shi, kafaɗa da kafaɗa, kunci da kunci.

"Yaya! Barka da zuwa, Yaya!"

Tsohon ya buɗe baki zai amsa, sai atishawa ta riga shi.

"Sanyin Addis ne," in ji Endale. "Ku mutanen Dire Dawa ba ku saba ba. Kawo kwat ɗin in rataye maka." Ya zare wa tsohon kwat, ya kai ta can ƙarshen zaure ya rataye.

Wurin cike yake. Iyalai sun kewaye dogayen kwandunan da ake ɗora farantin abinci a kai, wata mata a kusurwa tana soya gahawa, hayaƙin lubban na tashi. Emama Askale na zaune bakin ƙofar kicin, lulluɓe da farin mayafi. Endale ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Emama! Ga ɗanki ya zo!"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne mai gyaran famfon? Ai na ce sai Litinin."

Endale ya ƙyalƙyale da dariya ya dafa tsohon. "Ka ji ta ko? Haka muke wasa da ita kullum."

Aka ba su wuri. Endale ya ja kujerarsa har gwiwarsa na gogar ta Ato Tiruneh. Bizunesh, ɗaya daga cikin masu kawo abinci, mace mai jiki da ta daɗe a aikin, ta zo da buta da tasa ta zuba musu ruwan wanke hannu. Endale ya yafito ta, ya yi mata raɗa irin wadda ake ji daga titi.

"Ƙanwata, baƙon nan nawa yana da borin jini. A kula."

"To Gashe. Me ba ya ci? In gaya wa masu girki."

"Wannan maganar cikin gida ce."

"To ta yaya za mu kula? Bari in tambaye shi."

"Kul! Ki tambayi babban mutum ciwonsa a bainar jama'a? Ke dai kawo komai, ni zan tantance."

Bizunesh ta yamutsa hanci, ta dube shi, ta wuce.

Ba a jima ba sai ga babban faranti, an shimfiɗa injera an jera mata kaya: miyar kaza jajawur da dafaffen ƙwai a tsakiya, soyayyen nama yana tururi, kitfo na ɗanyen nama da man shanu, miyar shiro ta garin wake, ganye, da farin cuku a gefe. Ato Tiruneh tun asuba yake coci, ko ruwa bai sha ba. Ya yi addu'a gajeriya, ya yago injera, ya nufi ƙwan kai tsaye.

Endale ya sunkuyo har gashin bakinsa na neman taɓa kunnen tsohon, yana nazarin fuskarsa.

"Atishaa!"

"Ƙwai ne!" Endale ya cafke ƙwan daga hannunsa. "Na kama shi! Ƙanwata, zo ki ɗauke!"

"In ɗauke in kai ina? Ka riga ka damƙe shi da hannu."

Endale ya duba dama, ya duba hagu, ya tura ƙwan a bakinsa gaba ɗaya. Sai da ya yi ta zare ido kafin ya wuce.

"Ato Endale," in ji tsohon a hankali, "ni ƙwai ba ya..."

"Na sani, Yaya, na sani. Worknesh ta gaya min komai. Ba sai ka faɗa ba."

Jin haka mamaki ya kama tsohon. In ta gaya masa komai, to wannan ƙamshin da ke neman kashe shi fa? Amma ta ina zai buɗe baki, ranar farko, ya ce wa mai neman ƙanwarsa warinka ne ke damuna? Ya haɗiye maganar, ya kai hannu ga cinyar kaza. Atishawa ta sake zuwa, ta kawo ƙanwarta.

"Kazar ma," in ji Endale. "Ai daga cikinta ƙwan ya fito. A kwashe!"

Bizunesh ta kawo cokali da kwano ta kwashe miyar kaza tana girgiza kai. Wani ƙaton mutum a kwandon kusa, wanda ke ci da matarsa, ya ce, "In ba ku ci a miƙo nan. Mu gidanmu ba ma gaba da kaza."

Tsohon ya koma kan soyayyen nama. Loma ɗaya ya samu ya kai. Endale ya kama haɓarsa yana leƙa idanunsa kamar mai sayen akuya. Tsohon ya fara susar wuya.

"Ƙaiƙayi! Alama ta biyu ke nan. Ƙanwata, da me aka soya naman nan?"

"Da man shanu, Gashe, kamar yadda ake soya shi a ko'ina."

"Shi ne! Duk abin da ya fito daga jikin saniya a fitar da shi. Naman, kitfon, cukun, duka."

"Yanzu ka ce ƙwai ne."

"Ciwon yana da rassa."

"Ka taɓa aikin asibiti ne?"

"Na nema wa likita gida."

"Ni ma na taɓa kai wa matuƙin jirgin sama abinci," in ji Bizunesh, "amma ban ce a ba ni jirgin ba."

Ƙaton nan ya yi dariya har ya ƙware. Aka kwashe nama, aka kwashe kitfo da cuku, tsohon yana bin kwanon da jajayen idanu kamar mai rakiyar gawa. Farantin ya koma fili, saura shiro da ganye.

"Ato Endale," ya ce da murya a shaƙe, "don Allah da za ka ɗan matsa..."

"In matso? Ga ni, Yaya." Ya ƙara jan kujera, ya ɗora hannu a kafaɗarsa. "Ba inda za ni. Ina tare da kai."

Abin da ya biyo baya ba atishawa ɗaya ba ce, jerin gwano ne. Hular tsohon ta faɗi. Shiro ya tafi, saboda wake ne. Ganye ya bi shi, saboda Endale bai yarda da kalarsa ba.

Bizunesh ta tsaya riƙe da ƙugu. "Gashe, ni fa ina ganin ba abinci ba ne. Tun kafin in kawo farantin yake yi. Ko wani ƙamshi ne?" Ta faɗa tana kallon kwat ɗinsa.

Endale ya buga cinya. "Abin da nake shirin faɗa ke nan! Lubban ne! A fitar da mai gahawar nan!"

"A fitar da wa?"

Bai jira ba. Ya tashi da kansa, ya ɗauki kaskon turaren wuta ya kai waje, ya dawo ya ɗauki tukunyar gahawa, matar na biye da shi tana, "Kai bawan Allah, lafiyarka? Ajiye min kayana!" Guggurun da ake ci da gahawa ya watse a ƙasa. Masu jiran gahawa suka fara gunaguni. Wata tsohuwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an kori gahawa daga ɗaki ba sai yau.

A ɗan wannan lokacin da Endale ya yi nisa, Ato Tiruneh ya samu iska. Atishawar ta lafa. Ya yunƙura zai je wurin kwat ɗinsa, inda ƙwayar maganinsa take a aljihu.

"Kun gani?" in ji Endale yana dawowa da sauri. "Na fitar da lubban ya warke! Zauna, Yaya, kada jiri ya ɗebe ka." Ya danna shi kan kujera.

Sai dai kai-komon ya sa Endale gumi sharkaf. Ya ɗan sunkuyar da kai ya shinshina hammatarsa. Worknesh na hanya, ta zo ta tarar da shi yana tsami? Ya juya baya, ya zaro kwalbar, ya yi fes-fes-fes ta cikin riga, ya ƙara wa hankici. Matar ƙaton nan ta rufe hanci da mayafi.

Da ya juyo ya ga hawaye na bin kuncin tsohon. Tausayi ya kama shi na gaskiya. Ya zaro hankicin, ya share masa ido, ya share masa hanci, ya goge masa fuska tas kamar yadda uwa ke wa yaro.

Kafin a ce me, fatar idon Ato Tiruneh ta tashi, leɓe ya yi suntum, wuya ya yi ruɗu-ruɗu. Yana nuna kwat ɗinsa da hannu, maganar ta ƙi fita sai tari.

Endale ya bi farantin da kallo. Babu abin da ya rage sai injera. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga ta sama kamar tuta.

"Jama'a ku tsaya! Kada wanda ya ƙara loma! Injerar nan ce! An gauraya garin da wani abu!"

Hannaye suka tsaya a iska. Wata mata ta zaro loma daga bakin ɗanta. Ƙaton nan ya ce shi ma fa yanzu yana jin wuyansa wani iri, ya fara susa, matarsa ta kama taya shi.

Emama Askale ta tashi. Da kanta ta tashi kuwa, kamar yadda ya yi wa abokansa alkawari, sai dai da ludayi a hannu.

"Me ka ce a kan injerata?"

"Emama, ba ke nake nufi ba, wataƙila mai niƙa ne..."

"Ni nake tsayawa a kan mai niƙa! Tun kana yawo ba wando nake gasa injera a garin nan, ba a taɓa cewa na gauraya gari ba. Ka kore min kaza, ka kore min gahawa, yanzu za ka kore min jama'a? Wai ma kai ɗan wane ne?"

"Ɗanki ne fa," in ji Bizunesh. "Haka ya ce."

Endale ya ga ludayi na matsowa, ya ga tsohon na haki. Ya durƙusa, ya saɓo Ato Tiruneh a baya kamar buhun gawayi. "A ba ni hanya! Asibiti! Yaya, riƙe wuyana da kyau, kwantar da fuskarka a nan!" Dogayen ƙafafun tsohon na jan ƙasa, sandarsa ta share kwalaben wani kwando, hancinsa dumu-dumu a cikin kwalar kwat. Yana dukan bayan Endale a sauke shi, Endale na cewa, "Na sani, Yaya, saura kaɗan!"

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Worknesh, cikin farar rigarta ta biki. Ta tsaya cak. Ta dubi yayanta, ta dubi mai ɗauke da shi, sannan ta ja numfashi ɗaya ta yi baya.

"Endale! Wanka ka yi da turare?"

"Worknesh, ba lokacin yabo ba ne. Injera ta kama Yaya."

"Sauke shi! Sauke shi na ce! Me na gaya maka a waya?"

"Kin ce akwai abin da ba ya ci."

"Na ce ba ya ci? Cewa na yi turare! Turare! Ka ce min ka sani!"

Endale ya tsaya da tsoho a baya, baki buɗe. Zauren ya fashe da dariya. Ƙaton nan ya daina susa nan take. Mai gahawa ta zauna a ƙasa don dariya. Worknesh ta janye yayanta ta zaunar da shi a benci a waje, ta ruga ta ɗauko kwat ɗinsa, ta ba shi ƙwayarsa da ruwa, Bizunesh ta kawo jiƙaƙƙen tawul tana goge masa fuska.

"Ai daman," in ji Endale a hankali, "turare na cikin abubuwan da nake zargi. Na bar shi ne ƙarshe."

"Bizunesh," in ji Emama Askale, "kai ɗana bayan kicin."

Aka kai shi. Aka tuɓe masa kwat da riga aka jefa kan igiya, aka ba shi baho da sabulun wanke tukwane. Matan kicin suka kewaye shi suna ba da umarni: bayan kunne, ƙarƙashin haɓa, gashin bakin nan a sake. Duk wanki sai Bizunesh ta sunkuyo ta shinshina ta ce, "Da saura." Daga ƙarshe aka ara masa wata tsohuwar rigar mai yanka nama, wadda ta tsaya masa a saman cibiya.

Da ya fito, an mayar da gahawa wurinta, kumburin tsohon ya fara sauka. An kawo sabon faranti, Emama Askale da kanta ta zuba miyar kazar, ta sa ƙwai har biyu. Shi kuwa Endale aka ajiye masa kujera can bakin taga, inda iska ke fita. Ya zauna yana jan riga ƙasa, yana kallon Ato Tiruneh na cin ƙwai, yana cin kitfo, yana dangwalar cuku, ba atishawa ko ɗaya.

Worknesh ko kallonsa ba ta yi. Ta ce da yayanta, da ƙarfi yadda zai ji, "Yaya, ka yafe min. Maganar nan a bar ta kawai."

Tsohon ya cinye cinyar kaza ya tsotse ƙashin.

"Ni na ja jirgi da mutane iri-iri," ya ce. "Na ga masu wayo da yawa. Amma da na faɗi ciwo a tasha wata shekara, masu wayon tsayawa suka yi suna kallo. Wannan kunnensa a toshe yake, kansa kuma sai addu'a. Amma ya ɗauke ni a baya, ga shi ko tsayin kafaɗata bai kai ba."

"Shi ya kusa kashe ka!"

"Shi ne. Amma da gudu ya yi niyyar kai ni asibiti."

Endale ya ga dama ta samu, ya miƙe. "Yaya, ai abin da mutane ba su gane ba ke nan. Ni tun farko, a ilimin likitanci, abin da ake fara yi shi ne..."

Ato Tiruneh ya yago injera mai faɗi, ya tara mata kaza, ya tara nama, ya ƙara shiro, ya naɗe loma kamar dunƙulen hannu, irin wadda ake ba wanda aka karɓa a gida. Ya tashi ya nufi taga, hannun hagu toshe da hanci saboda tsaro, ya tura wa Endale ita a baki har yatsu.

Magana ta tsaya. Kumatun Endale suka cika, idanunsa suka fito, yana ta ɗaga hannu alamar yana da sauran bayani, ba hanya.

Tsohon ya ɗan tsaya yana sauraron shirun, sannan ya juyo wurin ƙanwarsa.

"Worknesh, in akwai abin da kike so ya ji, faɗa masa yanzu."